Yadda ake haɗa taron kiɗan ganga da tarihin unguwa

Ganga ba ta da wahalar tara jama'a. Makaɗa uku su zauna a fili su fara, kafin minti goma yara sun kewaye su, manya sun fara leƙowa daga ƙofar gida. Abin da ke da wuya shi ne a tanadi abin da za a faɗa wa mutanen bayan sun taru, kuma su ji shi da kunnensu. A nan yawancin tarukan al'ada na unguwa ke tuntuɓe: an kashe ƙarfi wajen neman makaɗa da rumfa da lasifika, sai ana saura kwana biyu a tuna ba a nemi wanda zai ba da tarihi ba, a ɗauko dattijo ɗaya a miƙa masa makirufo ba shiri, ya yi ta magana ana hira a baya, makaɗa na ƙosawa. Don haka ku juya tsarin. Makaɗa ana iya samun su cikin mako biyu, amma tarihin unguwa yana cin wata uku zuwa huɗu, kuma masu riƙe da shi tsofaffi ne da ba a da tabbacin samun su baɗi. Da su za a fara.

Kwamiti da lokaci

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. In sun haura goma, zama ya koma muhawara. A raba aiki gida huɗu, kowanne da mutum ɗaya da za a tambaya in an samu matsala: tarihi, kiɗa, fili da tsaro, sai kuɗi. Lallai a samu mace aƙalla ɗaya a ɓangaren tarihi, domin akwai tsofaffin matan da ba za su saki jiki da namiji baƙo ba, kuma su ne suka fi sanin wa ya auri wa, wane gida ne aka fara ginawa, wace rijiya ce ta ƙafe a wace shekara. A tsayar da rana tun wata huɗu kafin lokaci, a duba kada ta faɗa kan ranar ibada, jarrabawar makarantu ko tsakiyar damina. Izinin amfani da fili, da na rufe titi in za a yi zagaye, a nema a rubuce tun watan farko daga hukumar da abin ya shafa, saboda takarda ba ta sauri.

Tattara tarihi daga bakin masu shi

Ku rubuta sunayen mutum goma sha biyu zuwa goma sha biyar da za a yi hira da su, da sanin cewa takwas ko goma ne za su samu. Kada jerin ya tsaya kan shugabanni da masu faɗa a ji. A sa tsohon malamin makaranta, ungozoma, direba, mai shagon da ya daɗe, wanda ya zo baƙo ya zauna shekara arba'in, da wanda aka haifa a unguwar ya tashi. Tarihin da aka ɗauko daga gida ɗaya tarihin wannan gidan ne kawai, kuma sauran gidaje za su gane haka ranar taro. A fara da waɗanda suka fi tsufa ko rashin lafiya.

Kowace hira mutum biyu ke zuwa, ɗaya na tambaya, ɗaya na kula da na'ura yana rubuta sunayen mutane da wurare yadda aka faɗe su. Kafin a kunna komai a bayyana wa mai magana inda muryarsa za ta je: za a saurara a taro, za a ajiye a ɗakin karatu, ko za a sa a intanet. Waɗannan izini uku ne daban-daban, yana iya yarda da ɗaya ya ƙi biyu. A sa hannu a takarda, in kuwa ba ya rubutu a ɗauki amincewarsa da muryarsa a farkon faifan, tare da sunansa da kwanan wata da wurin da ake.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya in an yi abin da ya kamata. A rufe layinta don kada kira ya katse ɗauka, a ajiye ta a kan tsumma mai kauri kamar taƙi ɗaya zuwa biyu daga bakin mai magana, wato santimita 20 zuwa 40, a kashe fanka da talabijin, a guji ɗaki mara kaya saboda amsa-kuwwa. In manhajar ta ba da zaɓi, a ɗauka da tsarin WAV maimakon MP3, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin kuma ba ya dawowa. Awa ɗaya ta WAV mai inganci na iya cin kusan gigabait ɗaya, saboda haka a duba sararin waya tun daga gida. A ɗauki gwajin daƙiƙa talatin a saurara da abin sawa a kunne kafin a shiga hirar sosai. Kada zama ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dattijo in ya gaji sai ya fara taƙaitawa, gara a dawo karo na biyu, kuma sau da yawa zama na biyun ya fi albarka, don a tsakanin ya tuno abubuwa.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. "Ba mu tarihin unguwar nan" tambaya ce da ke haifar da jawabin da aka haddace. Ku tambayi abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji: "Baba, lokacin da kuke yara, in kun fito daga ƙofar gidanku, me kuke fara gani?" "Mama, daga ina kuke ɗebo ruwa, kuma wace hanya kuke bi?" "Wane kiɗa kuke ji da dare, daga wane gida, wa ke yin sa?" In ya yi shiru a bar shi, a ƙirga biyar a zuci kafin a sake magana, domin abin da ke biyo bayan shirun shi ne yawanci abin da aka zo nema. Kada a gyara masa zance ko da an san ya yi kuskure.

Shekaru su ne inda ƙwaƙwalwa ta fi zamewa. Mutum zai tuna launin ƙofa da sunan karen maƙwabci, amma ya kauce da shekara goma a kwanan wata. Maganinsa a ɗaura labarin a kan wani abu da ake da tabbacin lokacinsa: kafin a kawo lantarki ne ko bayan haka, lokacin an haifi ɗanku na fari ko tukuna, wa ke mulki. Daga nan a gwada da takardu: rajistar makaranta, takardun filaye, tsofaffin taswirori, jaridu, rubutun da ke jikin gine-gine. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kada a rubuta shekara ko suna a allo sai majiya biyu da ba su ji daga juna ba sun yi daidai. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa a gabatar da shi da sunansa, a ce wane ne ya ce.

Za ku ci karo da saɓani, musamman kan wa ya fara zama da kuma asalin sunan unguwa. Kwamiti ba kotu ba ce. A kawo ruwayoyin biyu gefe da gefe, kowacce da mai ita, kuma a sanar da gidajen biyu tun kafin ranar taro don kada wani ya fara jin abin a bainar jama'a. Labarin da ya taɓa rikicin fili da ke gaban shari'a, ko aibin wani da 'ya'yansa ke raye, a bar shi a ma'ajiya, ba na lasifika ba ne.

Mayar da murya rubutu na cin awa huɗu zuwa takwas a kan kowace awa ɗaya ta hira. Ba lallai a rubuta duka ba. A saurara a yi jadawali na minti-minti, a ce minti na 12 labarin tsohuwar kasuwa, minti na 27 labarin gobara, sannan a rubuta guntayen da za a yi amfani da su kawai.

Hotuna, takardu da taswira

A ware rana ɗaya, wata biyu kafin taro, mutane su kawo tsofaffin hotuna a ɗauki kwafinsu nan take su koma da abinsu. Karɓar hoto a ce za a mayar daga baya shi ne hanyar da hotuna ke ɓacewa, kuma gida ɗaya in ya yi asara sauran sun rufe akwatinsu. In akwai sikana a saita ta a ɗigo 600 a kowane inci, in babu a ɗauka da waya a inuwa mai haske, wayar na kallon hoton kai tsaye daga sama, ba tare da filasha ba. A rubuta lamba, sunan mai hoto, waɗanda ke ciki, wuri da kimanin shekara a littafi tun mai shi na tsaye. Kada a manna salatif a asalin hoto, kada a rufe shi da roba mai zafi, kada a yi rubutu da biro a bayansa, tawada na ratsawa. Kwafi kaɗai ake kafewa a wurin taro.

Hoto ashirin zuwa talatin da aka zaɓa da kyau sun fi ɗari da aka jibge. Bayanin kowanne kada ya wuce kalma hamsin, da manyan haruffan da za a iya karantawa daga nisan mita ɗaya, tsakiyar hoton kuma ya kasance kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Abin da ya fi jan mutane shi ne babbar taswirar unguwa, mita biyu a faɗi, da aka zana tituna kawai aka bar sauran fili, a ajiye alƙaluma da ƙananan takardu mutane su rubuta abin da ke wurin a da. A sa mutum ɗaya kusa da ita da littafi, domin a gaban taswirar nan ake samun sunayen waɗanda ya kamata a yi hira da su a shekara mai zuwa.

Zaɓen makaɗa da ganguna

Babu wani abu guda ɗaya da ake kira kiɗan Afirka, kuma wanda zai gayyaci makaɗa ya kamata ya san abin da yake gayyata. Jembe, gangar da aka fi gani a tarukan duniya yanzu, ta mutanen Mande ce na Gini da Mali da maƙwabtansu. Siffarta kamar turmi, ana rufa ta da fatar akuya, da hannu ake buga ta, faɗin bakinta santimita 30 zuwa 38, nauyinta kusan kilo tara. Ta yaɗu ne bayan tawagar Les Ballets Africains ta Fodeba Keita ta zagaya da ita ƙasashe daga shekarun 1950, daga baya makaɗa irin su Famoudou Konate da Mamady Keita suka koyar da ita a Turai da Amurka da Japan. Jembe ba ta tafiya ita kaɗai. Abokan tafiyarta ganguna uku ne masu fatar saniya da ake bugawa da sanda, ana kiran su dunun: dununba babba, sangban matsakaiciya, kenkeni ƙarama, galibi da ƙaramin ƙarfe a ɗaure a jikinsu. Sangban ce ke riƙe da ainihin zubin kiɗan. Wanda ya tara jembe goma ba dunun ko ɗaya ya tara hayaniya ne, masu rawa ba za su sami inda za su sa ƙafa ba. Tawaga mafi ƙanƙanta da za ta cika fili ita ce mutum biyar ko shida: jembe mai ja-gaba ɗaya, masu rakiya biyu, dunun biyu ko uku.

Sabar ta Wolof a Senegal da hannu ɗaya da siririyar sanda ake buga ta, muryarta na da kaifi, marigayi Doudou Ndiaye Rose ne ya fi fito da ita duniya. Tawagar Ewe ta Gana da Togo kuwa tana tsaye ne a kan ƙarfe mai baki biyu, gankogui, ɗan'uwan kuge, da doguwar ganga atsimevu mai ba da umarni. Sai gangunan da ke magana, masu siririn ƙugu, da ake matse igiyoyinsu a hammata don murya ta hau ko ta sauka: kalangu, dundun ta Yarbawa, tama ta Senegal. Suna iya magana ne saboda suna bin hawa da saukar murya da tsawon gaɓoɓin harshe, shi ya sa wanda ya san take yake jin sunansa a ciki. Ga taron tarihi wannan ita ce gangar da ta fi dacewa, domin tana iya kiran sunan tsohuwar kasuwa ko kirarin wani gida kafin dattijo ya buɗe baki, kuma ba ta da ƙarar da za ta danne magana.

Akwai gangunan da ke da masu su. Tambari na sarauta ne, haka fontomfrom a wurin mutanen Akan na Gana. Bata ta Yarbawa na da alaƙa da bauta. Rawar gangar sarauta ta Burundi, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2014, gwamnatin ƙasar ta kafa dokar taƙaita inda ake buga ta a 2017. Har a kiɗan jembe, Soli na kaciya ne, Dununba rawar ƙarfafan maza ce, Kuku kuwa na shagali ne da kowa ke shiga. Ku zauna da shugaban makaɗa ku tambaye shi sunan kowane kiɗa, daga ina ya fito, a wane lokaci ake yin sa, kuma ko ya dace da taron da yara da mabiya addinai daban-daban za su halarta. Makaɗin kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya kasa amsawa ba shi za a ba makirufo ya yi bayani ba.

Kada a manta cewa ganga ita ma tana da tarihi a unguwa, wani lokaci ma ita ce tarihin. A New Orleans ta Amurka, hukumar birni ta taƙaita taron bayi 'yan Afirka a fili ɗaya a 1817, filin da ake kira Dandalin Kwango, inda suke kiɗa da rawa ranar Lahadi, kuma har yau ana taruwa a buga ganga a wurin. A Karolina ta Kudu, bayan tawayen bayi na Stono a 1739, dokar 1740 ta hana su mallakar ganguna. A Tirinidad, hanin da Turawan mulki suka yi wa ganga a shekarun 1880 ya tura mutane ga buga gora, daga nan zuwa gangunan ƙarfe na durom ɗin mai. Don haka a cikin hirarrakinku ku tambayi inda ake kiɗa a da, wa ya hana, yaushe aka daina. In akwai tsohon makaɗi a unguwar, ko da hannunsa ya daina, wurinsa na gaba.

Yarjejeniya da makaɗa a yi ta a rubuce: yawan mutane, lokacin isowa, zango nawa za su yi da tsawon kowanne, wa zai ɗauki nauyin sufuri, ko sun yarda a ɗauki bidiyo, da ko sun yarda baƙi su taɓa gangunansu. A biya wani kaso kafin rana, sauran a ranar, ba bayan mako ba.

Kula da fata da igiya

Fata tana bin yanayi. Laima na sa ta saki, murya ta mutu, zafi da bushewa na sa ta ɗaure har ta tsage. Gangar da aka ja da safe cikin sanyi aka bari a rana ko a cikin mota rufaffiya tana iya fashewa kafin azahar. Saboda haka ganguna su iso awa ɗaya kafin a fara, su zauna a inuwar wurin da za a buga su, sannan a yi musu gyaran ƙarshe. Jembe ana ƙara mata murya ne da igiyar da ake saƙawa a kwance tsakanin igiyoyin tsaye, kowane ƙulli na harɗe biyu ya ƙara ja. A ƙara ƙulli biyu ko uku a gwada, kada a yi goma a tashi ɗaya, kuma a duba zoben ƙarfe kada ya karkace gefe guda. Kafin a ja, a shafa yatsa a gefen fata a nemi ƙaramar tsaga, in akwai a bar gangar yadda take. A zo da ganga ɗaya ta ko-ta-kwana, da igiya mara miƙewa mai kaurin milimita huɗu zuwa biyar, da gula ko sanduna fiye da buƙata.

In shirinku ya haɗa da nuna yadda ake rufa ganga, a yi hattara da ɗanyar fatar da ba a san asalinta ba. Ƙwayar cutar antiraks, mai kama shanu da awaki, tana daɗewa a jikin fata da gashi, kuma an samu masu haɗa ganga da suka kamu da ita a New York a 2006 da Landan a 2008. A yi amfani da fatar dabbar da likitan dabbobi ya duba, a kankare gashi a waje, a jiƙe, da safar hannu da takunkumi, ba a cikin jama'a ba.

Fili da sauti

A fili buɗaɗɗe, tawagar jembe da dunun ba ta buƙatar lasifika ga mutum ɗari biyu ko uku. Mai magana ne ke buƙata, da mai waƙa, da mai kalangu in filin babba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa wa ganguna makirufo a bar dattijo da wanda ke shaƙewa. Tawaga na iya haura desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a kusa da ita. Ma'aunin kare ji da ake amfani da shi a wuraren aiki ya ce desibel 85 awa takwas, kuma duk ƙarin uku na raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta sa 100 a matsayin iyakar matsakaicin ƙara a wuraren nishaɗi. A waje, duk ninkin nisa na rage kimanin desibel shida, wato abin da ya kai 100 a mita biyu zai zama 94 a mita huɗu, 88 a mita takwas. Da wannan lissafi ake jera kujeru: layin farko mita huɗu zuwa biyar daga ganguna, tsofaffi da masu jarirai mita takwas ko fiye, kuma a gefe. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta cika daidai ba, amma ta isa nuna an wuce gona da iri. A tanadi abin toshe kunne ga makaɗa da yara.

Sauti na tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa. Katangar da ke fuskantar makaɗa daga nisan mita 17 ko fiye za ta dawo musu da bugunsu a makare har ya rikita su, don haka su ba katanga baya, su fuskanci sarari. Saboda wannan dalili kuma kada a raba tawaga gida biyu a ƙarshen fili da ƙarshen fili, su zauna kusa, cikin rabin da'ira, kowa na ganin hannun mai sangban da na mai ja-gaba. Kujerunsu marasa hannu, filin rawa a gabansu kamar mita shida a kan shida, a share tsakuwa, in ƙasa ce a yayyafa ruwa rabin awa kafin a fara don ƙura.

Wajen lissafin jama'a, kada a wuce mutum biyu a kowace murabba'in mita ga masu tsayuwa. A bar hanya mai faɗin mita huɗu da motar asibiti ko ta kashe gobara za ta iya shiga, hanyoyin fita biyu aƙalla, da sarari tsakanin kujeru da keken guragu zai wuce. Janareta ya yi nisan mita shida ko fiye daga ƙofa da taga da rumfa saboda hayaƙinsa na kisa, wayoyi a rufe su kada a yi tuntuɓe. Ruwan sha, inuwa, banɗaki, akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya amfani da shi, da wuri ɗaya sananne na yaran da suka ɓace. In an ji tsawa a dakata a shiga gini, sai an yi minti talatin ba a sake ji ba. Maƙwabta a kai musu takarda mako biyu kafin rana, da lokacin farawa da na tashi da lambar wanda za su kira, kuma a tashi a lokacin da aka faɗa.

Tsarin ranar

Awa uku sun isa. A buɗe da kiɗa na minti goma don kira, sannan a riƙa karɓa-karɓa: magana minti bakwai zuwa goma, kiɗa minti takwas zuwa goma sha biyu. Masu magana huɗu ko biyar, kowanne da labari ɗaya tak da aka zaɓo daga hirarsa aka kuma sanar da shi tun da wuri. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka dattijo ya faɗi abinsa da kansa, amma a zaune, da mai tambaya a gefensa riƙe da makirufo, wanda zai ja shi a hankali in ya yi nisa. Wanda ba zai iya fitowa ba a saka muryarsa ta minti biyu ko uku, hotonsa na sama. Jawaban manyan baƙi a haɗe su wuri ɗaya, minti uku-uku.

Abin da ke ɗinke ɓangarorin biyu shi ne gwaji. Mako ɗaya kafin taro a zaunar da shugaban makaɗa da mai gabatarwa a bi jadawali layi-layi: bayan labarin masu sana'a wane kiɗa zai biyo, bayan labarin gobara ko rasuwa a bar shiru na ɗan lokaci sannan ganga ɗaya ta shigo a hankali. A amince da alamar hannu ɗaya ta tsayawa. Makaɗa na da ɗan gajeren bugu da suke rufe kiɗa da shi, mai gabatarwa ya ba da alama ya jira wannan bugun, kada ya yi magana a kan kiɗa. Haka kuma ba a taɓa ganga, ko da gyara ne, muddin dattijo na magana.

In za a yi zagayen unguwa, a yi shi kafin babban taro, zagayen ya ƙare a filin. Kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, zango shida zuwa takwas, minti biyar a kowanne, mutum ashirin zuwa ashirin da biyar ga mai jagora ɗaya. Ganga mai rataya ce ta tafiya, ta yi kiɗa a hanya ta yi shiru a zango, ta kuma yi shiru kusa da asibiti, wurin ibada da gidan makoki. A bi hanyar da ƙafa kwana biyu kafin nan a daidai wannan lokaci na yini, don a ga inda rana ke duka da inda motoci ke matsewa.

Rabin awa na koyo

Mutane sun fi riƙe abin da hannunsu ya taɓa. A yi da'ira ta mutum goma sha biyar zuwa ashirin, a cire zobe da agogo da awarwaro domin suna yanka fata kuma suna ji wa yatsa ciwo. Jembe a karkata ta gaba kaɗan tsakanin gwiwoyi don gindinta ya buɗe, in ta zauna daram a ƙasa babbar muryarta ba ta fita. Muryoyi uku ake koyarwa: babba da tafin hannu a tsakiya, matsakaiciya da yatsu a haɗe a gefe, sai mari da yatsu a sake. A bar hannu ya yi tsalle ya dawo, kada ya kwanta a kan fata. Masu koyo kullum sauri suke ƙarawa ba su sani ba, maganinsa mutum ɗaya ƙwararre riƙe da ƙarfe. Zubin ƙarfen da ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma bugu bakwai ne cikin ƙirga goma sha biyu, a kan 1, 3, 5, 6, 8, 10 da 12. Waɗanda ba su sami ganga ba a raba su biyu su yi tafi cikin ƙirga shida, rukuni ɗaya a kan 1, 3, 5, ɗayan a kan 1 da 4, su ji yadda uku ke hawa kan biyu. Minti ashirin zuwa talatin ya isa, bayan haka tafin hannun sabon shiga ya fara zafi.

Bayan an watse

Cikin mako guda a kwafe duk muryoyi da hotuna wuri uku, biyu a na'urori daban-daban, ɗaya a wani gini dabam, kamar ɗakin karatu, makaranta ko ma'ajiyar tarihi da ta yarda ta karɓa tare da takardun izini. Sunan kowane fayil ya ƙunshi shekara, wata, rana da sunan mai magana. A ɗauki hoton taswirar da jama'a suka cika kafin a cire ƙananan takardun, a kwafe abin da ke jikinsu a littafi. Duk wanda aka yi hira da shi a kai masa kwafin muryarsa da hotonsa har gida, a tambaye shi ko akwai abin da yake so a cire. Gyare-gyaren da mutane suka kawo ranar taro, sunan da aka rubuta ba daidai ba ko shekarar da wani ya musanta, a shigar da su da sunan wanda ya kawo. Gangunan aro a goge su da busasshen tsumma, a duba fata da igiya a gaban mai su, a mayar a ranar ko washegari, waɗanda za a ajiye kuma a sa su a ɗaki mai iska, nesa da rana da danshin ƙasa.